Alewa a Aljihun Rigar Ƙarshe

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ƙanwata ta ce tunda na ƙi magana, to in riƙa rubutawa. Ga shi ina yi, a ragowar littafin yarinyata, daga shafin da ta tsaya.

Yau na fara aiki. Ƙanwar tawa ce ta samo mini, ita ta cike takardun. Kamfani ne mai ɗinka rigunan 'yan makaranta, amma ba a zuwa ko'ina, kowace mace tana gidanta da kekenta. Riga ce ke yawo gida gida a motar kamfani. Wata ta haɗa jiki, wata ta sa wuya, wata ta sa aljihu, sannan ta iso wurina in fitar da gidan maɓalli in ɗinka maɓallai. Ni ce ta ƙarshe. Sharaɗinsu ɗaya ne, sai da babbar waya, don a guruf ake yin komai.

Tawa ƙarama ce, mai tocila. Don haka na buɗe durowar nan.

Wayar yarinyata tana nan yadda na ajiye ta, cikin ledar da suka miƙo mini a asibiti tare da takalminta. Wata biyar ke nan. Kusurwar gilashin ta tsage kaɗan. Na sa ta a caji ina cewa a raina ba za ta tashi ba. Ta tashi.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Shugaba, mai kula da aikinmu, ya sa lambar a guruf, ya rubuta, "Ga sabuwar mai maɓalli." Iyakar abin da ya ce ke nan, shi ba mai surutu ba ne.

Ba a yi minti ɗaya ba sai ga saƙon murya daga Mai Aljihu. Muryarta siririya, tana magana tana dariya. "Laaa! Jama'a ku zo ku gani, yarinya ce ɗanya sharaf! Mun samu auta! Auta, sannu da zuwa. Wannan murmushin a rage mana shi, kada a kashe mu."

Na rasa me take nufi. Sai da na taɓa 'yar da'irar da ke sama sannan na gane. Hoton yarinyata ne a kan lambar. Wanda ta ɗauka a bakin ƙofar nan, da shuɗin mayafi, ta karkata kai.

Sai ga wata murya mai kauri, ta babbar mace. Mai Wuya ce. "Ke Mai Aljihu, bar yarinya ta numfasa. 'Yata, sannu da zuwa. In riga ta zo miki da wuya a karkace, ni za ki faɗa wa, ba Shugaba ba."

Na ɗora yatsa zan rubuta cewa ba ni ba ce. Na daɗe a haka. Abin da na rubuta a ƙarshe shi ne, "Na gode."

Talata, 3 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Gobe zan faɗa musu.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe goma na safe

Suna da abin da suke yi kullum ƙarfe takwas. Kowa ta ɗauki hoton teburinta ta tura, sannan ta gaishe da mutane da murya. Teburin Mai Wuya tsaf tsaf, almakashi a dama, alli a hagu. Na Mai Aljihu kamar an yi dambe a kansa, har da cokalin jaririnta a cikin ƙyallaye. Ni ma na ɗauki nawa. Sau uku ina ɗaukar babban yatsana kafin teburin ya fito.

Murya ce ban tura ba. Da yatsa ɗaya nake rubutu, ina neman haruffa ɗaya bayan ɗaya.

Mai Aljihu ta ce, "Ni kam Auta ta ishe ni. Waya ta nuna mini tana rubutu, na je na wanke kwanuka na dawo tana rubutu, na yi wa yaro wanka na dawo tana rubutu. Na ce yau za mu sha labari. Sai ga shi ta turo 'To.'"

Mai Wuya ta ce, "Kunya ce da ita. Ba kowa ne aka haifa da rediyo a maƙogwaro irinki ba."

Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, har na tsorata da jin ƙarar.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ashe akwai ɗan rubutu a ƙarƙashin hoton. Ban taɓa lura ba sai da Mai Wuya ta karanto shi a guruf: "Jarrabawa ta kusa, a sa ni a addu'a."

Ta ce, "'Yata, ashe karatu kike yi kina haɗawa da ɗinki? Kuma ba ki faɗa ba? Allah ya ba ki sa'a, ya sa ki fi kowa."

Mai Aljihu ta turo 'yan hannayen addu'a har sun cika layi. Sauran matan ma kowa ta ce amin. Har Shugaba ya rubuta, "Allah ya taimaka."

Wata biyar mutane suna yi mata addu'a, amma wata iri ce daban. Wannan irin, ta masu gobe, na manta da daɗinta.

Na rubuta, "Amin."

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Direba ya kawo ɗauri. Dattijo ne mai fara'a, kullum da tsinke a baki. Ya ce, "Mama, ga kayan Auta. Matan can sun ce in gaishe ki, kuma wai don Allah ki rage aikenta, ki bar ta ta yi karatu."

Na ce, "To, na ji." Na karɓa na rufe ƙofa.

Da na kwance ɗaurin sai na ga abin mamaki. Kowace riga an ɗiga mata alli a gaba, ɗigo biyar, daidai inda maɓalli zai zauna. Aikina ne wannan, awo da ɗigawa, kuma shi ya fi cin lokaci. A guruf Mai Wuya ta ce, "Kada ki ce komai. Rigar tana hannuna ai, ɗan ɗigo ne kawai. Lokacin da kika samu ki buɗe littafi."

A aljihun rigar ƙarshe kuma na ji wani abu. Alewa guda biyu da sabon biro. Ba sai an faɗa mini mai aikin ba.

Na sa alewar a kofin yarinyata, mai zanen fure, wanda yake kan taga.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe uku na rana

Alli. Alewa biyu. Gobe.

Jumma'a, 13 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ƙanwata ta zo. Ta tarar ina sauraron Mai Aljihu tana kwaikwayon yadda Shugaba yake tari kafin ya yi magana. Ta tsaya a ƙofa tana kallona, ta ce, "Yaya, dariya kike yi?" Idonta ya kawo ruwa.

Sai ta karɓi wayar ta duba. Ta ga hoton, ta ji suna cewa Auta. Ta zauna a bakin gado.

"Yaya, sun san ke ce?"

Na ce ban ce musu ni yarinya ba ce.

"Ba ki ce ba, amma ba ki ce a'a ba."

Na ce ta ba ni wayata. Ta ce, "Kawo in canja hoton, minti ɗaya ne." Na fizge. Ban taɓa fizge abu daga hannunta ba tun muna yara.

Ta tafi ba ta sha ko ruwa ba. Daga baya ta kira ƙaramar wayata ta ce in yi haƙuri. Ni ya kamata in ce haka.

Abin da ban faɗa mata ba shi ne wannan. Kowa a unguwar nan in ya gan ni sai ya rage murya. Mai shago ma ya daina yi mini tsiya. Su kaɗai ne, matan nan da ban taɓa gani ba, suke ɗaga murya a ɗakin nan. Kuma da safe in sun ce, "Auta, an tashi lafiya?" sai in ji kamar tana bayan labule tana neman ɗankwalinta, za ta fito ta amsa.

Ita ce ta fari a wurina, ita ce auta. Sun faɗi daidai ba su sani ba.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ba aiki yau. Na goge keken, na sa masa mai. Guruf shiru. Ranar ta yi tsawo.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Mai Aljihu ta turo mini saƙo ni kaɗai, ba a guruf ba. Babu dariya a muryar. Jaririnta yana haƙori, kwana uku yana kuka, ya ƙi nono, mijinta yana tafiya, uwarta tana nesa. Ta ce, "Ke ba ki san wannan ba tukuna, Auta, kawai dai ina so in faɗa wa wani ne. In na faɗa a guruf Mai Wuya za ta ce na cika raki."

Na san wannan. Na san shi sarai. Tawa ma haka ta yi, a wata na bakwai.

Na rubuta mata ta jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ta ba shi ya ciza, ta wanke hannu ta riƙa murza masa dasashi a hankali, in kuma jikinsa ya yi zafi kada ta tsaya, ta kai shi asibiti. Da na gama sai na ga yarinya ba za ta san wannan ba. Sai na koma farko na ƙara, "Mamata ta ce."

Da yamma ta ce ya yi barci. "Ki gaishe mini da Mama. Ki ce na gode, Allah ya bar ku tare."

Na kife wayar a kan tebur. Maɓallai uku na ɗinka a gurbin da ba nasu ba, sai da na farke.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe tara na safe

Jiya na yi magana da bakin yarinyata. Wannan ya wuce yin shiru.

Jumma'a, 20 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Yau Shugaba ya yi magana da murya, abin da bai cika yi ba. Ya yi tarin nan nasa, amma ba wanda ya yi dariya. Ya ce ɗauri yana makara a gidan Mai Wuya, kwana biyar a jere direba yana jira a ƙofarta. Ya ce in aikin ya yi mata yawa ta faɗa, a raba wuyan da wata.

A raba da wata. Kowa ya san me hakan yake nufi ga mace mai riƙe da gida.

Mai Wuya ta ce, "Ka yi haƙuri, Shugaba, bayana ne yake damuna kwana biyu. Zan gyara." Ba ta ambaci alli ba.

Na rubuta mata ita kaɗai, "Don Allah ki daina ɗigawa."

Ta ce, "Ke, rufe mini baki. Ni ban yi karatu ba, 'ya'yana ma ba su yi nisa ba. Ki bar ni in ce da allina a cikin takardar jarrabawar wata yarinya."

A ƙarshen maganarsa Shugaba ya ce ranar Alhamis mai zuwa za a yi kiran bidiyo ƙarfe goma, saboda sabon samfurin riga. Kowa ta buɗe kyamara. Mai Aljihu ta ce, "Alhamdu lillahi, za mu ga Auta tana motsi!"

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Alewar ta kai rabin kofi. Ban taɓa ko ɗaya ba. Ba tawa ba ce.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe takwas da rabi na safe

Na yi tunanin in ce kyamarar ta lalace. Na yi tunanin in ce wa ƙanwata ta gaya wa Shugaba na bar aikin. Sai in ajiye wayar a durowa, su ci gaba da cewa Auta ta tafi jarrabawa. A wurinsu za ta zauna da rai har abada.

Wannan tunanin ya yi mini daɗi ƙwarai. Shi ya sa na ji tsoronsa.

Ɗauri ya zo. Allin yana nan, amma ɗigon ya fara karkacewa. Hannun mai sauri ne, mai ciwon baya.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Na koyi tura murya. Ana danna 'yar alamar a riƙe, in an saki ta tafi, in an ja gefe ta goge. Sau shida ina ja gefe. Na farko kuka ya hana. Na biyu na yi ta ba da haƙuri ban faɗi laifin ba. Sauran ban ma buɗe baki ba.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe takwas da kwata na safe

Na saki.

Bayan kowa ta tura hoton teburinta, na danna na riƙe. Ga abin da na ce, ina rubutawa don kada in ce wa kaina ban faɗa ba:

"Salamu alaikum. Ni ce mai maɓalli. Wannan ita ce muryata. Shekarata hamsin da biyu. Hoton da kuke gani 'yata ce, wayar ma tata ce. Ba za ta rubuta jarrabawar ba. Ta rasu, an kusa wata shida. Ranar farko na so in faɗa, sai na ji kuna kiranta, na kasa. Shugaba, makarar Mai Wuya ni ce sanadi, aikina take yi mini. Mai Wuya, allinki ba haƙƙina ba ne. Mai Aljihu, alewarki tana nan ban sha ba. Ku yafe mini."

Ta rasu. Ban taɓa faɗin kalmar da bakina ba sai yau. A littafin nan ma sai yanzu.

Talata, ƙarfe goma

Alamar ta nuna duk sun saurara. Ba wadda ta ce komai.

Talata, ƙarfe ɗaya

Waya ta nuna Mai Wuya tana ɗaukar murya. Ta daina. Ta sake. Ta daina.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Shugaba ya rubuta, "Allah ya jiƙanta, ya ba ki haƙuri. Maganar raba wuya a bar ta." Sauran matan suka biyo da ta'aziyya, a hankali, da ƙaramar murya. Irin muryar unguwa.

Mai Wuya da Mai Aljihu kuwa shiru. Na gama rigunan duka, na rasa abin yi da hannuna.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ƙarfe takwas daidai sai ga Mai Wuya, da muryarta ta kullum, ba ta rage ko kaɗan ba.

"Ke mai maɓalli. Shekara hamsin da biyu? Ni hamsin ce da ɗaya. Wato sati uku kin zaunar da ni ina ce wa yayata 'yata? Allah ya isa tsakanina da wayar zamani." Na ji tana jan hanci. "Jiya sau goma ina ɗauka ina gogewa. Ban iya irin maganar nan ba. Allah ya jiƙan yarinyarmu. Addu'ar da muka yi mata ba ta faɗi ƙasa ba, tana can inda ta fi amfani. Alli kuwa ba zan daina ba, sai dai in rage. Da saboda karatu nake yi, yanzu saboda idon tsohuwa."

Na saurara sau huɗu. Sannan na danna na ce, "To, ƙanwata." Ta ce, "Kun ji ta ko? Da murya ma 'To' ce."

Mai Aljihu ba ta turo hoton teburinta ba yau.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Mai Aljihu ta turo, ni kaɗai.

"Ba zan ɓoye miki ba, na ji haushi. Na ɗauka ƙanwa na samu. Har na fara tunanin ɗinkin da zan yi mata in ta ci jarrabawa. Jiya na yi ta kallon hoton ina kuka, kamar na san ta, alhali ban san ta ba. Ni ma jiya aka yi mini rasuwar." Ina jin jaririn yana gwalantu a kusa da ita. "Amma da na koma na karanta maganar tsumman nan, sai na ce, wawuya, ai da ma uwa ce take magana. Mama, haƙori na biyu ya fito. Me zan yi?"

Na amsa mata da murya. Minti huɗu. Ta ce, "Oh, ashe rediyon biyu ne a guruf."

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe sha biyu

An yi kiran. Ƙanwata ta zo ta jingina mini wayar a jikin gwangwanin maɓallai. Duk da haka goshina suka fara gani. Mai Wuya 'yar ƙarama ce ashe, muryar ce kawai babba. Mai Aljihu doguwa, da yaro a kafaɗa yana cin tsumma.

Da Shugaba ya gama bayanin sabon samfurin, na ce ina da tambaya. Na ce a koya mini yadda ake canja hoton kan lamba, tunda ya kamata.

Mai Wuya ta ce, "Wa ya ce ya kamata? Kina so ki cire?"

Na ce a'a.

"To bar mana ita. Tare kuka shigo guruf ɗin nan. Shugaba, a gyara sunan lambar kawai."

Shugaba ya yi tari, ya ce a sa me?

Mai Aljihu ta ce, "Sai ka tambaya? Maman Auta."

Ƙanwata ta tashi ta fita tsakar gida, wai za ta duba shanya. Ba mu yi wanki ba.

Jumma'a, 27 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Direba ya zo. Yau ba tsinke a bakinsa. Ya cire hula, ya yi mini gaisuwa, ya ce bai sani ba. Na ce ba laifinsa ba ne. Ya mayar da hular, ya miƙo ɗaurin.

"Maman Auta, ga kayanki."

Na ce, "Na'am." Bai kira ni ba ma, amma na amsa.

Alli a rabin rigunan, sauran an bar mini. A aljihun rigar ƙarshe alewa biyu, kamar kullum. Na sa ɗaya a kofi. Ɗayar na ɓare na sa a baki, na jawo keke.

Mai lemo ce. Irin wadda yarinyata ba ta so, kullum ni take bar wa.